Daga "Idan" da "Da" Zuwa "If": Yadda Ake Gina Jimlar Sharaɗi a Turanci

Bahaushe yana da kalmomi biyu na gindaya sharaɗi, Bature yana da guda ɗaya. Mukan ce "idan" ko "in" ga abin da ake sa ran zai iya faruwa, mu ce "da" ga abin da bai faru ba. "Idan ka zo, za ka same ni." "Da ka zo, da ka same ni." Yaron da bai shiga firamare ba ma ya san na farko alkawari ne, na biyu ƙorafi. A Turanci kuwa *if* ce kaɗai take ɗaukar kayan duka biyun, don haka dole a nuna bambancin a wani wuri daban, wurin kuwa shi ne jikin aikatau. Shi ake ja baya taki ɗaya ko biyu, mai sauraro ya gane ko maganar mai yiwuwa ce ko ta "da ma".

Littattafan sakandare sukan kasa waɗannan jimloli gida huɗu, su sa musu lamba: sifili, ɗaya, biyu, uku. Lambobin suna da ranarsu a ɗakin jarrabawa, amma ɗan kasuwar da ke tsaye a shagonsa a Kantin Kwari yana rubuta wa mai kamfani a birnin Guangzhou na ƙasar Sin saƙon WhatsApp ba shi da lokacin tuno lamba. Hanyar da ta fi sauri ita ce ka faɗi maganar da Hausa a zuciyarka, sannan ka yi wa kanka tambaya biyu. "Idan" na ce ko "da"? Kuma maganar yaushe nake yi: ta kullum, ta gaba, ta yanzu, ko ta baya? Hausa ta amsa maka ta farko kyauta. Ta biyun ce take buƙatar lura.

Ginin jimlar

Kowace jimlar sharaɗi ɓangare biyu ce, ɓangaren sharaɗi wanda *if* take ja, da ɓangaren sakamako. Kowanne yana iya zuwa farko.

*If you pay today, we will load the goods tomorrow.*
*We will load the goods tomorrow if you pay today.*

Ma'anar ɗaya ce. In sharaɗi ya zo farko sai a sa waƙafi a tsakani, in ya koma ƙarshe ba a sawa. "To" ɗin nan da muke jefawa a tsakiya, kamar a "in ka shirya, to mu tafi", takwararta *then* ce, kuma ko an bar ta ba a rasa kome ba. Kada dai a fassara ta da *so*.

Gidan "idan": abin da kullum haka yake

*If you leave fura in the sun, it goes sour.*
*If there is no power, the price of ice goes up.*

Aikatau biyun duk suna siffarsu ta yau da kullum, babu *will*, babu *would*. Wannan shi ne gidan sifili a littafi. Gwajinsa mai sauƙi ne: in za ka iya cire "idan" ka sa "duk lokacin da" maganar ba ta karye ba, nan gidanta yake. Abin da ya fi zubewa a nan shi ne *s* ɗin da ake liƙa wa aikatau bayan *he*, *she*, *it* ko sunan abu guda, domin Hausa ba ta taɓa jikin aikatau saboda mai aikin, wakilin suna take sauyawa. A rubuta *it goes*, ba *it go* ba.

Karin maganarmu da yawa a wannan gida suke zaune. "In kunne ya ji, jiki ya tsira" zai fito *If the ear hears, the body is safe.* Dubi "ya ji" da "ya tsira". Da Hausa kamar maganar abin da ya wuce, amma a Turancin babu ko ƙyallin shuɗaɗɗen lokaci. Daga nan babban ramin yake farawa.

Gidan "idan": abin da ake sa ran faruwarsa

Ƙa'idar gajera ce. Bayan *if* aikatau ya zauna a siffar yau da kullum, a ɓangaren sakamako a sa *will* da tsuran aikatau, wato aikatau da ba a liƙa masa kome ba.

*If he comes, I will tell him.*
*If it rains tonight, the road will be bad.*

Amma ɗalibin Kano sau da yawa abin da zai rubuta shi ne *If he came, I will tell him.* Ba rashin ƙoƙari ne ya jawo ba, fassara ce mai bin ƙa'idar da aka koya masa. Tun yana aji uku aka ce masa "ya zo" shi ne *he came*, to ga "idan ya zo", me zai hana shi rubuta *if he came*? Abin da ba a gaya masa ba shi ne "ya zo" ba jiya take nunawa ba, kammaluwar aiki take nunawa. "Idan ya zo" na nufin da zarar zuwan nasa ya tabbata, ko da mako mai zuwa ne. Wanda ya ce "in Allah ya kai mu" ai ba maganar jiya yake yi ba. Turanci kuwa in ya ga *came* bayan *if*, sai ya ɗauka an bar gidan "idan" an shiga gidan "da". Don haka duk "idan na", "idan ka", "idan ya", "idan suka" da ke kallon gaba, aikatau na yau da kullum za ka ba su: *if I finish*, *if you see*, *if she agrees*, *if they pay*.

Wanda aka yi wa wannan gyara yakan zarce ya faɗa ɗaya ramin. Yana ganin tun da maganar gaba ce, bari ya sa *will* a ɓangarorin biyu: *If he will come, I will tell him.* Wannan ma bai yi ba, *will* ɗaya ta wadatar, kuma a ɓangaren sakamako take zama. Hausa tana ƙara ingiza mutum a nan, domin mu muna cewa "idan za ka je Sabon Gari, ka taho mini da fitila". Turancinsa *If you are going to Sabon Gari, bring me a lamp.*

Akwai wuraren da za ka ga *will* bayan *if* a rubutun ƙwararru, kada ka ɗauka kuskure ne. Wanda ya fi yawa shi ne inda *if* ba sharaɗi take nufi ba, "ko" take nufi: *I don't know if he will come*, ban sani ba ko zai zo. A nan ma Hausa ce alƙali. In fassarar ta ba ka "ko", *will* ta halatta, kuma kana iya maye *if* da *whether*. Sai kuma inda ake maganar yarda ko ƙi: *If he won't listen, leave him*, in ya ƙi ji ka ƙyale shi. Da roƙo cikin ladabi irin na ma'aikatan banki: *If you will sign here, please.*

Ɓangaren sakamako ba lallai sai *will* ba. Gwargwadon tabbacinka za ka zaɓa. *If you leave now, you may catch the bus* akwai shakka a ciki, *might* ta fi ta shakka, *can* izini ko iko ne, *should* shawara ce, *must* tilas. Umarni kai tsaye ma yana zama: *If you see him, greet him for me.*

"Idan" ɗin da ba "if" ba ce

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba ya karya nahawu, zumunci yake ɓatawa. "Idan" tamu tana aiki biyu, tana nuna shakka, tana kuma nuna lokaci. "Idan na isa gida zan kira ka" babu shakka a ciki, mutum lokacin kira yake faɗa. Turanci ya raba su: *if* ga abin da ƙila ya faru ƙila bai faru ba, *when* ga abin da ake da tabbacin zuwansa. Ma'aikacin da ya rubuta wa shugabansa *If I finish the report, I will send it* ya gaya masa ne mai yiwuwa ba zai gama ba. Abin da yake nufi *When I finish the report, I will send it.* Haka mai bin bashi da ya ji *if I get my salary* zai soma tunanin ko an kori mutumin daga aiki. Tarbiyyarmu ta hana mu yanke hukunci a kan gobe, kuma wannan bai hana amfani da *when* ba. Ka rubuta ta, ka ƙara da in sha Allah ko *God willing*. Bayan *when*, *as soon as*, *before*, *after* da *until* ƙa'idar ɗaya ce da ta *if*: babu *will*.

Akwai kuma "idan" mai kallon baya, wadda littattafan lamba huɗu ba su cika ba ta gida ba. "In dai ya bar Kaduna da ƙarfe bakwai, to ya kusa isowa." Ba ka san ko ya baro ɗin ba, amma abu ne mai yiwuwa. *If he left Kaduna at seven, he will be here soon.* A nan *left* shuɗaɗɗen lokaci ne na gaske, kuma haɗa shi da *will* daidai ne, saboda barin Kadunan a baya yake. Bambancinsa da *if he came* na ɗazu shi ne wancan zuwan bai riga ya faru ba.

Gidan "da": maganar yanzu

"Da ina da miliyan biyar, da na kama shago a Kwari." Ba ni da ita, zance ne kawai. Turanci zai ja aikatau baya taki ɗaya, a sakamako ya sa *would* da tsuran aikatau.

*If I had five million naira, I would rent a shop in Kwari.*
*If she lived in Hotoro, she would come every day.*

*Had* da *lived* siffar shuɗaɗɗen lokaci ce, amma maganar ta yau ce. Aikinsu a nan aikin "da" ne, su sanar da mai sauraro cewa abin ba haka yake ba. Wannan shi ne gida na biyu a littafi. "Da na iya" zai ba ka *could*, "da wataƙila" zai ba ka *might*.

A wannan gida *was* takan koma *were* ko da mutum ɗaya ake magana: *if I were*, *if he were*, *if it were*. Turawa da kansu suna cewa *if he was* a hira, ba wanda zai tsayar da su, amma a jarrabawa da wasiƙar ofis *were* ake so. A ba da shawara kuwa ta riga ta zama daskararriyar magana: *If I were you, I would not sell now*, da ni ne kai da ban sayar yanzu ba.

Wannan gida yana da wani aiki da 'yan kasuwa ya kamata su riƙe. Ba abin da ba zai yiwu ba kaɗai yake ɗauka, yana ɗaukar abin da ba ka so ka ɗaure kanka da shi. Duba waɗannan biyun da mai sayen atamfa zai iya aika wa kamfani:

*If you reduce the price, we will order two containers.*
*If you reduced the price, we would order two containers.*

Na farko tayi ne, in suka rage suna da hujjar cewa ka yi alkawari. Na biyu taɓa ruwa ne, kamar a ce "da za ku rage, da an duba". Mutum yana iya rubuta na farko yana nufin na biyu, ya wayi gari ana tambayarsa ina kuɗin kwantena biyu. Ladabin wasiƙa ma daga nan yake fitowa: *I would be grateful if you sent the invoice*, ko *if you could send the invoice*, ya fi *send the invoice* taushi nesa ba kusa ba.

Gidan "da": maganar da ta wuce

Nan ne gidan da-na-sani, wadda aka ce ƙeya ce. An ja aikatau baya taki biyu. Bayan *if* a sa *had* da siffa ta uku ta aikatau, a sakamako a sa *would have* da siffa ta uku.

*If you had left early, you would have met him.*
*If they had stored the maize well, it would not have spoiled.*

Da ka fita da wuri da ka same shi. Da sun adana masarar da kyau da ba ta lalace ba. Siffa ta uku ita ce ta ƙarshe a jerin nan da ake haddacewa: *go, went, gone*, *see, saw, seen*, *take, took, taken*, *write, wrote, written*, *come, came, come*. Wanda bai riƙe ta ba zai rubuta *if I had went* ko *I would have saw*, kuma babu dabarar da za ta cece shi sai hadda. Aikatau masu bauɗewa da ake yawan amfani da su ba su fi a haddace su cikin 'yan makonni ba, in ana ɗaukar biyar a rana.

Kurakuran wannan gida sanannu ne. Akwai mai sa *would have* a ɓangarorin biyu, *If I would have known, I would have come*, domin Hausa tana maimaita "da" sau biyu, shi ma sai ya maimaita. Akwai mai rubuta *If I have known*, ya ja taki ɗaya maimakon biyu. Akwai kuma *Had it been I know*, wadda ta cika bakin mutane a Najeriya har wasu suna ɗauka ita ce ta 'yan boko. A hira za a gane ka, a takardar WAEC jan biro za ta sha. Daidai shi ne *If I had known* ko *Had I known*. In kuma aikatau ɗin kansa *have* ne, *had* biyu za su jeru, kuma ba tuntuɓen alƙalami ba ne: *If I had had money yesterday, I would have paid.*

To yaya za a raba "da" ta yanzu da "da" ta baya, tun da Hausa ba ta raba su da kalma ba? Dubi abin da ya biyo bayan "da" ta farko. In "ina da", "yana nan", "tana zaune", "ni ne" ka gani, galibi maganar yanzu ce. In "na je", "ka faɗa", "sun biya" ka gani, galibi ta baya ce. Ɓangaren sakamako ba zai taimake ka ba, domin "da na saya" iri ɗaya ce ko yau ko bara. Aikatau irin su sani, so da iya sukan rikita lissafin. "Da na san lambarsa da na kira shi" tana iya zama ɗayan biyu. In yanzu ake neman mutumin, *If I knew his number, I would call him.* In jiya aka neme shi aka rasa, *If I had known his number, I would have called him.* Ka gwada jefa "yanzu" ko "jiya" a cikin Hausar, wadda ta zauna ita ce amsa.

Kuma ba dole ɓangarorin biyu su kasance lokaci ɗaya ba. "Da na karanta likitanci a BUK, da yanzu ni likita ne." Sharaɗin na baya ne, sakamakon na yau, kowanne sai a ba shi siffar lokacinsa: *If I had studied medicine at BUK, I would be a doctor now.* Ana juya shi ma: *If he were honest, he would have returned the money*, da mai gaskiya ne da ya maido da kuɗin. Halin na kullum ne, maidowar ta baya ce. Ɗalibin da ya haddace lamba huɗu kawai yakan tsaya cak a nan, mai tambayar "yaushe?" ga kowane ɓangare kuwa wucewa zai yi.

'Yan uwan "if"

*Unless* ita ce "sai in" ko "in ba". Korewa tana cikinta, kada a ƙara mata wata. *Unless you pay, we will not release the goods*, ba za mu saki kaya ba sai in ka biya. Wanda ya rubuta *unless you don't pay* ya juya maganar ta koma kishiyar abin da yake nufi.

*As long as* da *provided that* su ne "muddin", "matuƙar", "bisa sharaɗin". Ta biyun ta fi zama a takardar yarjejeniya, irin ta hayar shago. *Even if* ita ce "ko da": *Even if he begs, I will not sell.* *Otherwise* ita ce "in ba haka ba". "Ba don kai ba, da na yi asara" kuwa zai fito *If it had not been for you, I would have lost money*, ko a taƙaice *But for you*.

*In case* tana yaudarar mutane da yawa, domin ana ɗaukar ta *if* ce mai ado. Ba haka ba ne, ita ta riga-kafi ce. *I will take an umbrella if it rains* na nufin sai ruwan ya sauko zan ɗauki lema. *I will take an umbrella in case it rains* na nufin yanzu zan ɗauka, saboda ƙila a yi ruwa a hanya. Ita kuwa *should in case* da ake ji a ofisoshi, kalmomi biyu ne da ba sa zama tare aka ɗora wa juna. A zaɓi ɗaya.

A rubutun ofis ana jefar da *if* gaba ɗaya a juya jimlar kamar tambaya. Kalmomi uku ne kawai suke yin haka: *should*, *were*, *had*. *Should you need more information, call this number. Were I the owner, I would sell. Had they come, we would have finished.* In za a kore, *not* tana zuwa bayan mai aikin kuma ba a gajarta ta: *Had they not come*, ba *Hadn't they come* ba.

*I wish* da *if only*, wato "ina ma" da "da ma", suna bin dokar gidan "da" sak. *I wish I had a car* na yau ne, *I wish I had gone* na baya. Fatan abin da zai iya faruwa kuwa *hope* ne: *I hope you pass*, ba *I wish you pass* ba.

Abin da kunne da baki suke ɓatawa

Mutum yana iya sanin duk wannan a takarda, ya saurari Bature ya kasa gane gidan da yake, saboda a magana ana haɗiye rabin kalmomin. *I'd* tana iya zama *I would* ko *I had*, abin da ya biyo ta ne zai faɗa maka. In tsuran aikatau ne, *would* ce: *I'd go*. In siffa ta uku ce, *had* ce: *I'd gone*. *Would have* kuma a baki takan zama *would've*, ta yi kama da *would of*, har wasu 'yan asalin harshen suna rubuta ta haka a intanet. Kada a kwaikwaye su.

A namu bakin kuma, kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, don haka tarin baƙaƙe a ƙarshen kalma yana yi mana nauyi, sai mu yar da na ƙarshe. *Asked* ta koma *ask*, *helped* ta koma *help*. A wani wuri wannan ƙaramin abu ne, a jimlar sharaɗi kuwa wannan ɗan sautin shi ne duk bambancin "idan" da "da". Ana furta *ed* iri uku: kamar "t" a *asked* da *helped*, kamar "d" a *called* da *lived*, sai bayan *t* ko *d* kaɗai take zama gaɓa mai zaman kanta, kamar a *wanted* da *needed*. Akwai kuma aikatau da ba sa sauya siffa ko kaɗan, irin su *put*, *cut*, *let*, *cost*. A *If it cost less, I would buy it*, rashin *s* a jikin *cost* da kuma *would* su ne shaidar gidan "da".

A ɗakin jarrabawa

Tambayoyi 60 daga cikin 180 na JAMB na Turanci ne, kuma a can da WAEC da NECO jimlar sharaɗi tana zuwa ta fuska biyu. Ta farko cike gurbi. Kada ka fara da karanta zaɓuɓɓukan, fara da ɓangaren da aka ba ka cikakke. In ka ga *will*, gurbin bayan *if* na aikatau na yau da kullum ne. In ka ga *would* da tsuran aikatau, shuɗaɗɗe ne ko *were*. In ka ga *would have*, *had* da siffa ta uku. Kafin ka shafa amsa ka leƙa ko akwai *now*, *today*, *yesterday* ko *last year* a jimlar, domin su ne suke tona gaurayayyen sharaɗi.

Ta biyu fassarar ma'ana: a ba ka jimla a ce me take nufi. A gidan "da" gaskiyar magana kishiyar abin da aka rubuta ce, a ɓangarorin biyu. *If the driver had not stopped, he would have hit the boy* na nufin direban ya tsaya, kuma bai buge yaron ba. Inda ka ga *not* ka cire, inda babu ka sa. A gidan "idan" kuwa kada ka juya kome, domin ba a riga an san abin da zai faru ba.

Yadda za a yi atisaye

Minti goma sha biyar a rana ya isa. Ɗauki magana ɗaya daga harkarka, ka zagaya da ita gidajen duka, ka rubuta, sannan ka faɗa da ƙarfi. Mai adaidaita sahu zai iya ɗaukar maganar mai: *If fuel is cheap, I make a profit. If fuel is cheap tomorrow, I will make a profit. If fuel were cheap, I would make a profit. If fuel had been cheap last month, I would have made a profit.* Magana uku a rana jimla goma sha biyu ke nan. Bayan mako guda ka juya aikin: wani ya faɗa maka Hausar ba a jere ba, ka mayar da Turanci ba tare da rubutu ba. Ga biyar na gwaji.

Idan baƙin suka iso, ki kira ni. Da an gyara hanyar bara, da yanzu ba ma shan wannan wahala. Ban sani ba ko za a buɗe kasuwa gobe. Ba zan tafi ba sai in Baba ya yarda. Da Yaya tana nan, da ta raba mu.

Ta farko *when* take so in ana jiran baƙin, *if* in ba a da tabbacin zuwansu, kuma ko wacce aka ɗauka *arrive* ne ba *arrived* ba. Ta biyu gaurayayya ce: *If the road had been repaired last year, we would not be suffering now.* Ta uku "ko" ce, *will* ta halatta. Ta huɗu *unless Baba agrees*, da *s* ɗinta. Ta biyar ta dogara da lokacin rigimar: in yanzu ake yi, *If Yaya were here, she would separate us*, in an riga an gama an watse, *If Yaya had been here, she would have separated us.*